Babi na 6: Alama, Tsawo, Ƙunshi

Duk wanda ya taɓa kwana a Tsamiya ko Lolo, ko ya ci kasuwa a ƙauyukan ƙaramar hukumar Bagudo da ke dab da iyaka, ya san wannan abu. Kana zaune a ƙasarka, ba ka taka ko'ina ba, sai ka duba waya ka ga sunan wani kamfani daban a samanta, wani lokaci da ɗan harafin R a gefen sandunan sabis. In ka kuskura ka yi kira a haka, kafin ku gama gaisawa kuɗin kati ya ƙare. Tambayar da mutane kan yi ita ce: ta yaya ƙarfen sabis na Benin, wanda ba a taɓa yi wa layinka rajista a wurinsa ba, ya gane ka? Wa ya tambaya a Najeriya, kuma da wane yare suka yi magana har suka fahimci juna cikin ƴan daƙiƙu?

Abin da ke faruwa a bakin iyaka

Iyakar nan ta samo asali ne daga yarjejeniyar da Ingila da Faransa suka ƙulla a 1898, wadda ta tsaga ƙasar Borgu biyu, Illo ta faɗo ɓangaren Ingila. Yau Tsamiya na kallon Segbana, Lolo kuma na kallon Madekali a kan hanyar Malanbil. Amma siginar waya ba ta tsayawa a shingen kwastam. Ƙarfen sabis na tsarin GSM kan iya yi wa waya hidima daga nisan da ya kai kilomita 35 in ƙasa shimfiɗaɗɗiya ce, kuma fadamar Kogin Neja shimfiɗaɗɗiya ce. Ko a watan Agustan 2019 da gwamnati ta rufe iyakokin tudu, buhunan shinkafa ne suka tsaya, sigina ba ta fasa ƙetarowa ba.

Kowane ƙarfe yana shelar kansa dare da rana da lambobi biyu, ta ƙasa da ta kamfani. Ta Najeriya 621, ta Benin 616, ta Nijar 614. Waya ba ta barin sabis ɗin gida don kawai na maƙwabta ya fi ƙarfi. Sai na gida ya ɓace mata, ko da na ɗan lokaci ne, sannan ta nemi wanda zai karɓe ta. Inda matsalar take, a ƙa'idar da aka daɗe ana bi, da zarar ta kama sabis na wata ƙasa ba ta cika waiwayen na gida ba muddin baƙon bai sake ta ba. Shi ya sa a rumfar mai cajin waya za ka ji irin wannan zance:

"Yaro, duba mini wayar nan. Jiya na sa kati, yau babu ko sisi."

"Baba, sabis ɗin Benin ta kama. Ga shi nan a sama."

"To ni Benin na je?"

"Ba ka je ba, Baba, ita ce ta je. Kawo in kulle maka ita a kan namu."

Sai ya shiga saitin waya, ya cire zaɓin sabis daga hannunta, ya zaɓa mata kamfanin gida da kansa. Maganin ke nan, kuma ba shi da tsada.

Abin da dattijon bai gani ba shi ne zirga-zirgar da aka yi a kansa. Wayar ta miƙa wa cibiyar Benin lambar asalin katin sim, wadda ake kira IMSI, mai lambobi 15, ba lambar da ake kiransa da ita ba. Cibiyar ta duba ukun farko ta ga 621, ta duba biyun da ke biye ta ga, a ce, 30, wato MTN ta Najeriya (Airtel 20 ce, Glo 50). Sai ta aika tambaya zuwa babbar rajistar kamfanin a Najeriya: kun san wannan layi? Me aka yarje masa? Rajistar gida ta amsa, ta kuma rubuta a wurinta cewa daga yanzu duk kiran da ya zo wa layin nan a tura shi Benin. Ko da sunan kamfanin ɗaya ne a ƙasashen biyu, kamar MTN, kamfanoni biyu ne, kowanne da rajistarsa, kuma sai sun yi wannan tambaya da amsa.

Jerin lambobi babu waƙafi

Na'urar da ke Benin tana iya zama ƙirar Huawei ta Sin, ta Najeriya kuma ƙirar Ericsson ta Suwidin, wata an kafa ta shekara 15 da suka wuce, wata bara. Abin da ke gudana tsakaninsu jerin lambobi ne kawai. Kowace lamba ana kiranta bayit, kuma tana iya zama komai daga 0 zuwa 255. Injiniyoyi kan rubuta kowane bayit da alamomi biyu, suna ƙirga da 0 zuwa 9, sannan A zuwa F su tsaya a madadin 10 zuwa 15. Saboda haka 08 takwas ne, 1C shi ne 28, C8 shi ne 200, FF kuma 255. Kada wannan ya tsorata mai karatu, salon rubutu ne kawai.

A cikin jerin nan babu tazara, babu waƙafi, babu aya. To ta yaya mai karɓa zai san inda lambar sim ta ƙare, lambar cibiya ta fara?

Hanya ta farko da za ta zo wa mutum ita ce a yanka wa kowane bayani gurbi tsayayye: bayit 8 na farko na sim, 7 na biye na cibiya, haka har ƙarshe. Tana da sauri, kuma ana amfani da ita a wasu wurare. Illarta, ranar da aka so ƙara sabon bayani, ko wata lamba ta ƙara tsawo, sai an sauya kowace na'ura a duniya rana ɗaya. Hanya ta biyu ita ce a ware wata lamba ta zama waƙafi. Ita ma tana da tarko, domin bayanin da ake aikawa yana iya ƙunsar wannan lambar a cikinsa, sai mai karɓa ya yanke magana a tsakiya.

Dabarar ɗan kamasho

Hanya ta uku ta fi waɗannan, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin ruwan Lolo ana sauke kaya daga jirgi ya ga irinta. Buhuna ne a jere, a ɗaure, duk kamarsu ɗaya. Ɗan kamasho na riƙe da takarda yana kira: "Albasa, buhu 12." Ƴan dako su ƙirga 12 su kai gefe. "Shinkafa, buhu 30." Su ƙirga 30. Ba sa kwance ko buhu ɗaya don su ga inda albasa ta ƙare. An faɗi irin kaya, an faɗi yawansa, ƙirga ce ke raba kayan wannan da na wancan. In ya kira sunan wani kaya da ɗan dako bai taɓa ji ba, ya ce ƙulli 4, aiki ba ya tsayawa: ya ƙirga 4 ya ajiye, ya jira kira na gaba.

Haka saƙonnin nan suke. Kowane bayani yana zuwa kashi uku. Da farko alama, mai faɗin ko mene ne. Sai tsawo, mai faɗin bayit nawa ne. Sai ƙunshi, wato bayanin kansa. Masu sana'ar na kiran tsarin TLV. An tsara fitacciyar sigarsa a 1984, a kwamitin CCITT na Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya, don aikin wasiƙun kwamfuta, daga baya ta zama ƙa'idar da ake kira BER a ƙarƙashin tsarin ASN.1. Da aka zo gina GSM a Turai, sai aka ɗora zancen da ke tsakanin rajistocin kamfanoni a kanta. Lokacin da GSM ta iso Najeriya a 2001, da kayanta ta zo.

Mu karanta saƙo ɗaya

Ga yanki daga irin saƙon da cibiyar Benin ke aikawa Najeriya. Lambar sim ɗin ƙirƙirarriya ce don misali:

04 08 26 31 10 32 54 76 98 F0

Manhajar da ke karantawa ta ɗauki bayit na farko, 04. Wannan alama ce, ma'anarta "jerin bayit ne ke zuwa". Ta ɗauki na biyu, 08, tsawo ke nan. Sai ta ƙirga takwas: 26, 31, 10, 32, 54, 76, 98, F0. Ƙunshi ya cika. Duk abin da ya biyo baya sabuwar alama ce.

To ina 621 ɗin da muka ce? Yana nan, a juye. Don tsimi, ana cusa lambobi biyu a bayit ɗaya, kuma ta dama ake fara karantawa. Saboda haka 26 na nufin 6 sannan 2, 31 na nufin 1 sannan 3, 10 na nufin 0 sannan 1. Jera su: 6, 2, 1, 3, 0, 1. Ga 621 na Najeriya, ga 30 na kamfani, sauran na mai layi ne. Da yake lambobin 15 ne, mara ce, rabin bayit na ƙarshe zai zama fanko, sai a toshe shi da F. Abin da ya kawo F0 a ƙarshe ke nan.

A lura da rabon aikin. Ƙa'idar TLV ta gaya wa mai karatu inda ƙunshi ya fara da inda ya ƙare, ba ta gaya masa yadda zai fassara abin da ke ciki ba. Juyin lambobi da toshewa da F wata yarjejeniya ce daban. Masu koyon aikin nan da yawa a nan suke tuntuɓe: su yanka saƙo daidai, su karanta 26 a matsayin ashirin da shida, su rasa gane wace ƙasa ce wannan.

Abin da ba ka sani ba, tsallake shi

A ganina babbar fa'idar tsarin tana nan. Tsohuwar na'ura ta ci karo da alamar da ba ta sani ba, wadda aka ƙirƙiro shekaru bayan an ƙera ta. Ba ta rikicewa. Ta karanta tsawo, ta tsallake wannan adadin, ta ci gaba da abin da ta gane. Da haka ne aka yi ta ƙara sababbin abubuwa a kan GSM shekara da shekaru ba tare da an ce kowa ya zubar da kayansa ba, kuma da haka ƙaramar wayar Itel mai maɓalli da babbar waya mai shafa ke zama a kan ƙarfe ɗaya.

Sai dai ba kowane abu ne ya kamata a tsallake ba. In sabon bayanin na cewa "kada a bar layin nan ya kira ƙasar waje", tsallake shi ɓarna ce. Don haka wasu ƙa'idojin suka ware wata ƴar tuta a jikin alama mai cewa: in ba ka gane wannan ba, kada ka yi gaban kanka, mayar da saƙon ka ce ba ka gane ba. Akwai wannan tutar a umarnin da katin sim ke ba waya, irin wanda ke fito maka da jerin zaɓi na kamfani a fuska, akwai ta kuma a saƙonnin 4G.

Ranar da lambobin Benin suka ƙara tsawo

Ƴan kasuwar da ke hulɗa da Malanbil da Kandi ba su manta ba. A ranar 30 ga Nuwamba 2024, hukumar sadarwar Benin, ARCEP, ta mayar da lambobin wayar ƙasar daga 8 zuwa 10, aka ƙara 01 a gaban kowace. Mutane suka sha aikin gyara sunayen da ke cikin wayoyinsu ɗaya bayan ɗaya. Kamfanoni ma sun gyara jadawalin da ke nuna musu inda za su tura kira. Amma siffar saƙon da ke ɗaukar lambar ba ta buƙaci gyara ba.

Ga lissafin. A da, 229 na ƙasa da lambobi 8 sun zama 11, bibbiyu a bayit ya kama 6, a ƙara bayit ɗaya na gaba, 91, mai nuna cewa lambar ta ƙasa da ƙasa ce. Tsawo ya zama 07. Yanzu 229 da 10 sun zama 13, ya kama bayit 7, da na gaban 8. Tsawo ya zama 08, daidai da na lambar Najeriya, wadda ita ma 234 ce da lambobi 10. Bambancin ke nan gaba ɗaya, 07 ya koma 08. Na'urar da ke karantawa ta ƙirga takwas maimakon bakwai, ta wuce. Da gurbi tsayayye aka yanka wa lambar, da sai an bi kowace cibiya da ke hulɗa da Benin an sake mata tsari. Ƙa'idar duniya ta yarda lambar waya ta kai 15, don haka har yanzu da sauran fili.

Ƙunshi cikin ƙunshi

Lambar sim ba ita kaɗai take tafiya ba. Tana tare da lambar cibiyar da wayar ta sauka, da lambar rajistar baƙi ta Benin. A ce kowace daga cikin biyun nan ta ci bayit 9, har da alamarta da tsawonta, ta sim kuma 10 kamar yadda muka gani. Jimla 28. Sai a haɗa ukun a naɗe su da wata alama ta waje: 30 1C, wato "jerin bayanai ne, tsawonsu 28". Wannan naɗin ma yana cikin wani, wanda ke ɗauke da irin aikin da ake nema. A can za ka ga 02 01 02: alamar lamba, tsawo ɗaya, ƙunshi 2. Aiki mai lamba 2 shi ne "sabunta wurin da layi yake". Shi ma yana cikin wani naɗin mai alamar 62, mai nuna cewa yanzu aka buɗe zance.

Ta yaya manhaja ke sanin cewa a cikin 30 akwai wasu bayanan da za ta warware, amma a cikin 04 babu? Alamar ce ke faɗa. Bayit ɗaya yana da ƙananan gurabe takwas, kowanne 0 ko 1. Biyun farko na faɗin ajin alamar, ko ta duniya ce ko ta cikin gida. Na uku shi ne mai cewa "buɗe ni, akwai wasu a ciki". Biyar ɗin ƙarshe lambar alamar ce. In ka warware 30 za ka ga 00110000, gurbi na uku a kunne. 04 kuwa 00000100 ne, na uku a kashe.

Alamar cikin gida ba ta da ma'ana sai a naɗin da take. Lambar cibiya a saƙon nan alamarta 81 ce, amma 81 a wani saƙon wani abu ne daban. Har ila yau lambar sim da ta rajistar baƙi duk 04 suke ɗauka, matsayinsu a jeri ne ke bambanta su. Saboda haka mai karatu ba ya rabuwa da littafin ƙa'ida, wanda ƙungiyar 3GPP ke kula da shi yanzu.

Saura tsawo. In bai kai 128 ba, bayit ɗaya ya wadatar. In ya wuce, bayit na farko sai ya zama sanarwa: 81 na nufin "tsawon yana cikin bayit ɗaya mai zuwa", 82 na nufin biyu. Don haka 200 ana rubuta shi 81 C8, 300 kuma 82 01 2C. Ka ga 81 ya sake fitowa, da wata ma'ana, don kawai ya zauna a gurbin tsawo. Babu abin da ke jikin bayit da ke nuna shi alama ne ko tsawo ko ƙunshi. Wurin zamansa ne kawai. In manhaja ta zame da bayit ɗaya tak, za ta ɗauki tsawo a matsayin alama, ta ɗauki farkon ƙunshi a matsayin tsawo, daga nan duk abin da ta karanta shirme ne, kuma ba lallai ta gane da wuri ba.

Idan tsawo ya yi ƙarya

A koma bakin ruwa. Ɗan kamasho ya ce albasa buhu 12, alhali 9 ne a jirgin. Ɗan dakon da ba ya duba komai sai ƙirga zai cika 12 ɗinsa da buhu 3 na shinkafar wani. A kwamfuta abin ya fi muni, domin abin da ke kwance bayan saƙo a ƙwaƙwalwarta yana iya zama sirrin wani mutum.

Haka ta faru a watan Afrilun 2014, da aka gano ɓarakar da aka yi wa laƙabi da Heartbleed a manhajar OpenSSL, wadda ɗimbin shafukan intanet ke dogaro da ita don ɓoye bayanai. Akwai wani ɗan saƙo na "kana nan?" mai siffa irin tamu: iri, tsawo, ƙunshi. Aikin mai karɓa shi ne ya mayar da ƙunshin yadda ya zo. Sai mahari ya aiko da ƙunshi ɗan mitsitsi, ya ce tsawonsa ya haura bayit 60,000. Manhajar ba ta gwada abin da aka faɗa da abin da ya iso ba. Ta kwashi adadin da aka ce daga ƙwaƙwalwarta ta miƙa, har da kalmomin sirri na mutane. Kafin nan, a Fabrairun 2002, masu bincike a Jami'ar Oulu ta Finlan sun yi ta jefa wa na'urorin sadarwa saƙonnin BER da aka lalata da gangan, kayan kamfanoni da yawa suka riƙa sumewa.

Saboda haka manhajar kirki ba ta yarda da tsawo sai ta gwada shi. Kafin ta ɗauki ƙunshi takan duba ko abin da ya rage a saƙon ya kai adadin da aka faɗa. Takan duba ko bayanan ciki sun cika naɗin waje daidai, kamar yadda 10 da 9 da 9 suka ba da 28, ba ƙari ba ragi. Takan sa wa zurfin naɗi iyaka, domin mugu na iya aiko da naɗi cikin naɗi sau dubbai don ya ƙure ta. Akwai kuma wata siga da BER ta halatta, inda ake sa 80 a gurbin tsawo, ma'ana "ban faɗi tsawo ba, ci gaba har ka ga 00 00". Wanda ya rubuta manhajarsa bai yi tanadin wannan ba, zai wayi gari tana aiki da kayan wani kamfani, tana ƙin na wani. Irin wannan saɓani ne kan sa romin, wato amfani da layi a sabis ɗin wata ƙasa, ya yi aiki da kamfani ɗaya ya ƙi da ɗaya, sai injiniya ya kama saƙonnin da manhaja irin Wireshark ya bi su bayit bayan bayit.

Dangi ɗaya, hali daban

Kada mai karatu ya ɗauka TLV ƙa'ida ɗaya ce. Dabara ce, kuma kowane gida da yadda ya ɗauke ta. A 4G, tambayar da ke zuwa rajistar gida tana bin ƙa'idar Diameter. A can alama bayit 4 ce, tutoci 1, tsawo 3, kuma tsawon yana ƙirga har da waɗannan takwas ɗin, ba ƙunshi kaɗai ba. Lambar sim ana rubuta ta harafi-harafi, bayit 15. Tsawo sai ya ce 23, sannan a ƙara bayit ɗaya na ciko don jimlar ta rabu da huɗu. Abin da ya ci bayit 10 a tsohon tsari ya ci 24 a sabo. A cikin saƙon tes kuwa, tsawon lambar wanda aka aika wa ba bayit yake ƙirgawa ba, lambobin yake ƙirgawa, don haka sauyin Benin a can 0B ne ya koma 0D, wato 11 ya koma 13. Wanda ya ɗauki ƙa'idar wani gida ya kai wani gidan, a bayani na farko zai zame.

Dabarar ta wuce harkar waya. Duk lokacin da mai POS a kasuwar Ka'oje ya zura katinka, katin da na'urar da BER suke magana. Naira 5,000 haka take tafiya: 9F02 06 00 00 00 50 00 00. Alamar a nan bayit biyu ce, tsawo 6, kuɗin kuma da kwabo aka rubuta shi, 500,000. Irin kuɗin yana da tasa alamar: 5F2A 02 05 66, domin 566 ce lambar naira. Da sefa ce da an ga 09 52, kuma da yake sefa ba ta da kwabo, 5,000 ɗinta 5,000 za a rubuta. Ko saƙon alat na banki, a hanyarsa zuwa cibiyar tes ta kamfanin waya, yakan ɗauki ƙarin bayanai masu alama bayit 2 da tsawo bayit 2.

Akwai inda aka kauce mata. Tsakanin waya da ƙarfen sabis, inda fili ke da tsada, akwai saƙonnin 3G da 4G da ake matsewa a cire alamomin gaba ɗaya, ɓangarorin biyu su dogara da littafin ƙa'ida kawai. A cikin cibiyoyin 5G kuma an koma rubuta saƙonni da haruffan da mutum zai iya karantawa, irin na shafukan intanet, duk da sun fi cin wuri. Amma muddin akwai ƙananan wayoyi masu kama 2G a Illo da Segbana, tsoffin saƙonnin nan za su ci gaba da ƙetare iyaka.

Wa ya aiko?

Duk binciken da muka lissafa na siffar saƙo ne. Manhaja ta tabbatar alama sananniya ce, tsawo gaskiya ne, naɗi ya cika. Babu inda ta tambayi ko mai aikowar yana da hurumin yin tambayar. Hanyar da saƙonnin nan ke bi, wadda ake kira SS7, an gina ta ne a zamanin da kamfanonin waya ƴan kaɗan ne, yawancinsu na gwamnati, kowa ya san kowa. A watan Disambar 2014, a wani taron masana tsaron kwamfuta a Hambug ta Jamus, Tobias Engel da Karsten Nohl sun nuna cewa wanda ya samu ƙofar shiga hanyar zai iya aika saƙo lafiyayye, mai alama da tsawo daidai, ya gano inda waya take ko ya karkatar da saƙonnin tes ɗinta. Babi na gaba zai ɗauko daga nan: mabuɗin sirrin da ke ɓoye a katin sim, yadda rajistar gida ke jarraba layi da shi kafin ta ce wa Benin "namu ne", da kuma dalilin da ya sa lambar sirrin da banki ke turo maka ta tes ba ta kai amincin da ake zato ba.